Ɓarawon da Ya Ciyar da Dawakin Maigidansa

Har yau akwai waɗanda in an ambaci Amos Wardill a ƙauyenmu sai su taɓe baki su ce, "Af, ɓarawon nan?" Duk cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe ragamar doki. Kakanninsu ne suka ga sunansa a jarida sau ɗaya, shi ke nan aka yi ta gadon maganar kamar tsohuwar kujera. To, ga yadda abin ya faru, wanda zai ji haushi ya ji.

Amos ɗan makiyayin tumaki ne a tuddan Wolds na gabashin Yorkshire, na shida a ɗakin uwarsa. Yana da shekara goma sha uku aka ɗaure masa akwati aka kai shi garin Driffield a makon Matinmas, ƙarshen Nuwamba, lokacin da barorin gona ke tsayawa a bakin titi manoma suna zaɓa. Wanda aka ba kafin alƙalami ya zama na wannan gonar har shekara ta zagayo, ci da kwana a gidan heluma, wato mai kula da barorin gonar. Daga ƙaramin bara mai kwasar kashin doki Amos ya fara, yana hawa a hankali. Da yaƙin duniya na farko ya zo aka kai shi Faransa jan kayan sojoji da dawakai. Bai cika ba da labarin can ba. Abu ɗaya yake maimaitawa: ya ga dawakai suna cin gezar juna don yunwa, ya kuma rantse dokin da ke hannunsa ba zai ƙara kwana da yunwa ba muddin yana numfashi.

Da ya dawo, wani manomi, tsoho Kirby, ya ɗauke shi a matsayin Wag. Kada a haɗa shi da ɗan amalanke. Amalanke mai ƙafa biyu ce, ta kwasar taki da abincin dabbobi, kowane sakarai yana iya jan ta. Keken doki mai ƙafa huɗu, mai doguwar sanda a tsakiya, wanda ake jibga wa buhunan alkama a kai tashar jirgi, shi ne waggon, mai riƙe da shi kuwa shi ne Wag, babban baran dawaki. Shi ke zaɓen dawakai kafin kowa, shi ke fita gaba, shi ke fara yanka burodi a teburin heluma. In ya fito da Duke da Bonny, baƙaƙen dawakai biyu masu farin goshi, yana zaune a kan na hagu, tagullar kayan doki tana walƙiya, mata sukan bar wanki su leƙo ta taga.

Yanzu ga maganar hatsi. Kowane manomi yana auna wa dawakinsa hatsi daga rumbu, kuma babu Wag ɗin da ya taɓa yarda cewa awon ya isa. Darajar mutum tana jikin dokinsa. In ka shiga gari da doki ana ƙirga haƙarƙarinsa, ba maigida za a yi wa dariya ba, kai za a yi wa. Don haka kowa yana ƙarawa ta bayan fage. Rumbu a saman bene yake, kan rumfar kekuna. Sai a huda katakon daga ƙasa, a toshe da murfin kwalba, in ana so a zare a tara buhu. Wasu maƙeri ke yi musu makulli. Ba a sayarwa, ba a kaiwa gida, ko ƙwaya ɗaya. Daga rumbun maigida zuwa cikin dokin maigida. Manoman sun sani sarai, don rabinsu sun yi lokacin suna samari. Tsoho Kirby in zai shiga rumfar kekuna sai ya tsaya a ƙofa ya yi tari mai tsawo, ya fyace hanci, ya duba sama ko za a yi ruwa, sannan ya shiga.

Kirby ya rasu, magada suka sayar da gonar ga wani Mista Illingworth, ɗan kasuwar ulu daga Bradford, wanda ya yi kuɗi a lokacin yaƙi yana sha'awar a kira shi manomi. A yi masa adalci, ya zo a mummunan lokaci: farashin alkama ya faɗi warwas, gonar tana cin kuɗinsa. Sai ya rage awon dawakai, ya ce a cika da ƙaiƙayi. Ya kuma sa aka fitar da waggon daga rumfa aka bar shi a ruwa, don motarsa ta sami wuri. Amos ya rufa wa waggon tamfol, ya ƙara yawan zare murfin kwalba.

Wata Lahadi da safe, ƙarshen kaka, Mista Illingworth ya shigo rumfa zai ɗauki mota zuwa coci. Shi ba ya tari a ƙofa. Ya tarar da Amos tsaye a bayan motar, hatsi yana zubowa daga silin kamar famfo.

"Me nake gani haka?"

"Hatsi ne, Maigida."

"Na san hatsi ne! Na wa?"

"Naka."

"Ina za ka kai shi?"

"Wurin Duke da Bonny. Su ma naka ne." Amos ya miƙa hannu ya toshe hudar a natse, don kada ya zube a ƙasa a yi asara.

Ihun maigida ya jawo Jabez heluma, ya fito da adiko a wuya bai gama karin kumallo ba. Ya cire hula ya ce, "Maigida, a yi haƙuri. Ai haka ake yi a nan."

"Sata ake yi a nan?"

"To, ba dai sata-sata ba..."

"Sata iri nawa ce da ku a ƙauyen nan?" Mista Illingworth ya juya ga Amos. "Zaɓi biyu. Ko ka tsaya gaban sauran barori ka ce kai ɓarawo ne, ka tuba, in yafe. Ko mu haɗu a kotu."

Amos ya ce, "Ban saci komai ba, Maigida. Ka je barga ka duba, duk yana nan a jikinsu."

Aka kore shi a ranar. Ya shiga barga ya goge dawakan biyu tun daga kunne har kofato, ya nuna wa mai bi masa inda sarƙa ke ƙuje Bonny a kafaɗa, ya ɗauki akwatinsa ya fita bai waiwaya ba, don in ya waiwaya ba zai iya tafiya ba.

Abin da ke gabansa ba ƙarami ba ne. Matinmas ta kusa. In babu manomin da ya ɗauke shi, sai dai ya gangara Hull ya yi dako a bakin jiragen ruwa, ya yi sallama da dawakai har abada. Kuma akwai Hetty Towse, mai aikin kicin a gonar da ke maƙwabtaka, wadda suka yi alkawarin aure. Ubanta, Elijah Towse, mai gyaran takalma ne kuma mai wa'azi a ƙaramin cocinsu, ya riga ya aiko cewa ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da babu wanda ya amince ya ba shi aiki ba.

Hetty ta same shi a bayan gidan uwarsa yana faskare. Ba ta ko gaishe shi ba.

"Kai, Amos, in ka ce ka tuba bakinka zai guntule ne?"

"In na ce ni ɓarawo ne, ƙarya na yi."

"Mutane nawa ke ƙarya kullum suna cin abincinsu lafiya? Kai ne waliyyin Yorkshire?"

"Hetty, noman kaka ake yi, tun safe har yamma, a kan ƙaiƙayi. Ke za ki iya wanke tukwane yini guda a kan ruwan shayi?"

"Yau kuma da doki ake gwada ni. Na gode." Ta tsaya tana kallonsa, ya ci gaba da faskare. Can ta ce, "Shi ke nan, ɗan taurin kai. Tunda ka ƙi, ka ƙi gaba ɗaya. Amma wallahi in na ga ka sunkuyar da kai a kotun nan, ba Baba ne zai fasa auren ba, ni ce."

Bai sunkuyar ba. Ɗan sandan da ya karanta ƙarar tsohon baran dawaki ne, kunnuwansa suka yi jajur yana karantawa. Alƙalin mai gonaki ne, ya yi ta kallon silin kamar yana neman murfin kwalba. Amma doka doka ce, aka ci Amos tara. Ranar Asabar jarida ta buga layi huɗu: an kama wani ɗan amalanke da satar hatsin ubangidansa. Hetty ce ta karanta masa. Ya yi tsalle ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Ɗan amalanke? Ni?"

"Sun ce maka ɓarawo kuma, in ba ka ji ba."

"Wannan ra'ayinsu ne. Amma ɗan amalanke!"

Ranar ɗaukar barori ya sa kwat ɗinsa na Lahadi, ya tsaya a bakin titin Driffield inda Wag-Wag ke tsayawa. Shekarar barori sun fi guraben aiki yawa. Manoma suna zagawa da sanduna, su tsaya gaban mutum su ce, "Kana neman ubangida, samari?" a yi ciniki, a tafa. Da sun iso kan Amos sai wani abu ya ja hankalinsu a ɗaya gefen titi. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona rai a duk labarin. Waɗannan mutane sun san gaskiya. Akwai wanda a cikinsu, yana saurayi, ya taɓa shiga rumbu ta kan rufi har ya karya ƙafa. Amma sunan yana jarida, kuma kowa yana tsoron abin da matarsa za ta ce a coci. Munafukai, da manyan tumbinansu.

Abokansa da aka riga aka ɗauka suna wucewa zuwa shagon shan shayi suna tsokana. "Wag, ka riƙe min hulata, amma kar ka ba doki!" Ya yi musu murmushi. Rana ta karkata, titi ya fara yin fili, saura shi da tsofaffi da wani mai tari. Ya fara tunanin jirgin ƙasan da ke zuwa Hull.

Sai ga wata ƙaramar mace cikin baƙaƙen kaya ta tsaya a gabansa, kanta bai wuce aljihun kwat ɗinsa ba. Misis Ombler ce, gwauruwa mai gona a can ƙwanƙolin tudu. Kowa ya san ta, babu mai son gidanta. An ce tana yanka nama siriri har ka hango taga ta cikinsa, kuma makullanta a kugunta suke kwana.

"Kai ne ɓarawon?"

"Ni ne wanda aka rubuta, ranki ya daɗe."

"Me ka sata?"

"Hatsi, in ji su."

"Wa ya ci?"

"Duke da Bonny."

"Baƙaƙen nan masu farin goshi? Na gan su a tasha." Ta dube shi sama da ƙasa kamar mai sayen rago. "Wag ɗina ya tafi Kanada. Ina neman wani. Amma ka buɗe kunnenka. Rumbuna a kulle yake, makulli ga shi nan." Ta kaɗa su suka yi ƙara. "Awon da na yanka shi ne awo. Ranar da na kama ka da ƙwaya ɗaya, ba tara za a ci ka ba, sai ka kwana a gidan kaso. Ka ji?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ta danƙa masa kafin alƙalami a tafin hannu, ta juya ta tafi. Da labari ya kai wa Elijah Towse, ya ce to, tunda Misis Ombler ta amince da shi, wadda ba ta amince da inuwarta ba, shi ma ya amince. Amma sai da ya sa Amos ya yi alkawari ba zai sake taɓa rumbun kowa ba.

Da Amos ya shiga bargar sabuwar gonar, sai da ya dafa ƙofa. Dawakai shida, kowanne za ka iya rataya hula a ƙashin kwankwasonsa. Gashi ya tashi buzu-buzu, ido ya faɗa. Wata tsohuwar goɗiya mai suna Jet ta miƙo baki ta kama hannun rigarsa tana tauna. Ya tsaya yana kallonta, Faransa ta dawo masa.

Ya yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Ya je ya roƙi ƙarin awo, Misis Ombler ta ce, "Kai ne za ka biya?" Ya yi ta goge su har hannunsa ya yi kanta, amma burushi ba ya cika ciki. Kullum in ya wuce ƙarƙashin rumbu sai ya kawar da kai. Yana da alkawari a wuyansa, ga gidan kaso, ga Hetty. In aka sake kama shi, babu wata ƙaramar mace da za ta sake tsayawa a gabansa a Driffield.

Wata safiya ya shiga rumfar kekuna zai shafa wa ƙafar waggon mai. Ya ɗaga kai, sai ya ga wani katako a kusurwar silin ya ɗan saki, ƙusarsa ta fita. Ya sa yatsa ya tura. Hatsi ya zubo masa a fuska.

Daga barga ya ji Jet tana dukan ƙofa da kofato. Ya ce, "Allah Ya yafe min, Baba Towse ma ya yafe," ya cire hularsa ya tara.

Kafin lokacin shuka, dawakan Misis Ombler sun zama abin kallo. Ranar da ya fito da waggon zai kai kaya tasha, ta tsaya a tsakar gida da makullanta, ta zagaya Jet, ta shafa ƙugunta mai sheƙi. Amos yana kan doki yana jira.

"Wardill."

"Ranki ya daɗe."

"Dawakan nan sun yi ƙiba."

"Ruwan rijiyar nan ne, ranki ya daɗe. Yana karɓar su."

"Ikon Allah. Shekara ashirin suna shan sa bai karɓe su ba sai bana." Ta buga wa Jet hannu a gindi. "Tafi, kar jirgi ya bar ka."

Ya bi ta tsakiyar Driffield ranar, ko da yake akwai hanyar da ta fi kusa. A hankali ya bi, ya wuce gaban shagon da manoman nan ke zama, bai kalli kowa ba.

Ya auri Hetty a bazarar. Misis Ombler ta ba su ɗan gidan da ke bakin hanya, ta bar shi a kan dawakai bayan aure, abin da ba a cika yi ba. Shekara kusan talatin ya yi a gonar. Naman bai taɓa yin kauri ba, awon bai taɓa ƙaruwa ba, makulli bai taɓa barin kugunta ba. Kowace Matinmas sai ta tuna masa da gidan kaso, shi kuma ya ce ya ji. In ya dawo gida ya zauna yana cire takalma, sai ya yi dariya ƙasa-ƙasa ya ce wa Hetty, "Matar nan tana ƙirga zabibi a cikin kek, amma ba ta san da katakona ba." Hetty ta ce, "Lallai kai gwani ne. Wanke hannu ka ci abinci."

Da Misis Ombler ta rasu, bayan yaƙin duniya na biyu, tarakta ta riga ta cika gonaki, saura dawakai biyu a bargar. Ɗan'uwanta ya so a kira motar gawa. Amos ya ce sai dai a bi ta kansa. Ya wanke waggon, ya goge tagulla, da safe ya shiga rumfa ya tura katakon a karo na ƙarshe, don kada dawakan su kai uwar ɗakinsu coci da yunwa. Shi ya ɗauke ta har ƙofar maƙabarta, yana kan na hagu, bayansa a miƙe kamar sanda.

Ya rayu ya tsufa, ya ga an sayar da dawakan, ya yi aikin shingen gona da lambu, bai taɓa yarda ya hau tarakta ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana alfahari da katakon nan. Bayan an binne shi, ana shan shayi a ɗakin Hetty, wata baƙuwa da aka auro cikin dangi ta yi suɓutar baki ta ce ta ji wai marigayi ya taɓa shiga kotu. Hetty ta ajiye kofinta.

"Ya shiga, 'yar nan, kuma da kansa a sama ya fito. Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya masa ba. Shekarar da muka yi aure, na kai wa Misis Ombler ƙwai, na tarar ta kira kafinta yana gyaran benen rumbu. Ya ɗaga guduma zai buga wani katako a kusurwa, ta ce, 'Kai, bar wannan.' Ya ce ai ya saki, hatsi zai zube. Ta ce, 'Na san ya saki, ni na cire ƙusar. Ka taɓa shi ka ga in zan biya ka.' Sai ta juyo ta gan ni. Ta ce, 'Misis Wardill, in na ƙara awo, kowane bara a tudun nan zai ce a ƙara masa nama. Kuma mijinki, in an ba shi, ba zai yi masa daɗi ba. Kin ji wani abu?' Na ce ban ji ba, ranki ya daɗe."

Baƙuwar ta ce, "Kuma ba ki taɓa gaya masa ba? Duk shekarun nan?"

"In gaya masa in ce me? Mutumin da aka kira ɗan amalanke a jarida, a bar shi da katakonsa mana." Hetty ta tura mata faranti. "Ɗauki kek. Nawa ba a ƙirga zabibinsa."